Sun Ƙone Hauren, Sun Ajiye Zinariyar

Ranar sha tara ga watan Ululu, da hantsi, aka kashe Baba Sagibu, babban masassaƙin hauren giwa na fadar Kalhu. A fada ba su ce an kashe shi ba. Cewa suka yi ya tafi ga ƙaddararsa, kamar wanda ya tashi da ƙafarsa ya nufi kasuwa. Ni Banitu, mai toya wa masassaƙa gurasa, ban iya irin wannan lanƙwasa harshe ba. Ƙoƙon guba aka miƙa masa, ya sha, ya mutu. Da yumɓu aka yi mu kuma yumɓu za mu koma, wannan kowa ya sani. Amma akwai wanda ya faɗi da kansa, akwai wanda aka hankaɗa.

Baba, da baƙaƙen da ka koya mini nake rubuta wannan a kan fata. Layukan sun karkace, ka yi haƙuri, dama kullum cewa kake rubutuna kamar kaza ta bi ta kan ɗanyen bulo. Ina rubutawa ne don 'yarka Hazala da ke birnin Hamat ta san yadda ubanta ya ƙare, domin abin da fatake za su kai mata ƙarya ne. Za su ce mata tsufa ya taɓa maka kai. Duk Kalhu haka ake faɗa yanzu, har waɗanda ka koya wa riƙon zarto.

Tare da hauren da sojoji suka kwaso daga Hamat aka kawo ka garin nan, kai da shi kaya ɗaya, ka baro Hazala tana rarrafe. Ba ka sake ganinta ba sai dai saƙo ta bakin masu jakuna. Duk da haka ka zauna ka yi wa mutanen da suka raba ka da gida aikin da babu irinsa. Babu kujera ko gado ko teburin kirki a fada da ba ya ɗauke da allunan hauren da ka sassaƙa. Siffar matar nan mai leƙowa ta taga da ke jikinsu, kai ka fitar da ita. Furannin da ke bin ƙafar gadon sarki, naka ne. Na sha ganin manyan fada suna shafa su suna yaba dukiyar sarki, ban taɓa jin wanda ya tambayi sunan mai hannun ba.

Ni ba don kyan aikinka na san ka ba, don ɗana na san ka. Sukkaya ya haura shekara talatin, gemunsa ya cika, ƙarfinsa na mutum biyu ne, amma tun zazzaɓin da ya kama shi yana ƙarami hankalinsa ya tsaya a inda yake. Ubansa ya tafi yaƙin sarki bai dawo ba. Ba wanda ya yarda ya ba shi aiki, yaran unguwa kuma sun mai da shi abin jifa. Ban taɓa cin abinci na ƙoshi ba in ba ya gabana. Wata rana na kawo gurasa rumfarku, na zaunar da shi a bakin ƙofa, ka fito ka same shi yana goga wani dutse a cinyarsa tun safe har dutsen yana ƙyalli. Ka karɓa ka juya shi a hannu, ka ce duk almajiranka babu mai haƙurin wannan. Washegari ka ba shi guntun fata da ɗan mai, ka nuna masa yadda ake goge haure har ya yi laushi kamar kumatun jariri. Tun daga ranar ɗana ya zama mutum mai wurin zuwa da safe.

Karatuna ma ta dalilinsa ne. Kowane allo da ka sassaƙa, kana karta masa baƙi ɗaya a baya, don kafintoci su san inda zai zauna a jikin kujera. Sukkaya kan gama gogewa ya cakuɗa su, shugaban kafintoci ya kai masa mari har sau biyu. Na zo rumfa da kumfar baki na ce ka koya masa baƙaƙen. Ka ce shi ba zai riƙe ba, amma ni da na iya riƙe laifin kowa na shekara goma, baƙi ashirin da biyu ba za su gagare ni ba. Haka na zauna, furfura ta fara fito mini, hannu duk gari, ina bin alamomin da yatsa, almajirai suna dariya. Kullum da yamma ni nake jera masa allunan kafin ya kai. Ba a sake marinsa ba.

Akwai allon da ka fi son yi, na saniya da ta waiwayo tana lasar ɗan maraƙinta yana shan nono. Ka yi shi ya fi a ƙirga. Wata rana ka ɗaga ɗaya ka nuna wa mutane ka ce, “Ga Banitu nan. Ko ciyawa ba ta iya ci sai ta waiga.” Na zage ka a ranar. Yau zan ba da duk abin da na mallaka in sake jin wannan tsiyar.

A farkon zafin bana masu duban taurari suka ce wata zai yi husufi, kuma alamar ta mutuwar sarki ce. Kowa a Kalhu ya san abin da ke biyo bayan irin wannan magana. Sarki zai sauka daga kujera ya ɓuya a wani ɗaki, a riƙa kiransa manomi. A nemo wani a ɗora a madadinsa, a yi masa ado, a ciyar da shi, a karanta masa mugayen alamun ya maimaita da bakinsa don su san inda za su sauka. In wa'adi ya cika a kashe shi, a ƙone kujerarsa da teburinsa da gadonsa, manomi ya wanke jiki ya koma sarki. Shi ne sarkin aro. Kuma ba ɗan gwamna suke ɗorawa ba. Mutum suke nema marar wayo, wanda danginsa ba su da baki.

Babban mai duba da kansa ya zo rumfarku zaɓen kayan da za a shimfiɗa wa sarkin aro. Ina wurin da kwandon gurasa a kai. Ya duba kujeru, ya duba gadaje, sai idonsa ya sauka a kan Sukkaya yana zaune yana gogar allo yana yi masa waƙa. Ya daɗe yana kallonsa. Ya tambayi ɗan wane ne, aka ce maraya ne, ga uwarsa can. Ya miƙa masa dabino, Sukkaya ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Na san irin kallon, haka mahauci ke kallon rago kafin ya taya.

Kwana bai yi nisa ba ka fara abin da ya ba kowa mamaki. Kai da kake zagin duk wanda ya bar haure kusa da taga, kai da kake naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma kamar mai jinya, ka ɗauko hauren da ya fi kowanne girma a rumbu ka shimfiɗa shi a tsakiyar fili da tsakar rana. Ka kifa kwando a kanka, ka zauna kusa da shi har ya tsage daga gindi zuwa baki, ƙararsa ta fito da kowa waje. Ka ce a durƙusa maka, ka yi mafarki an ɗora ka a kujerar sarki. Ubru, babban almajirinka, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tsoho ya zare.

Da safe na tare ka a bayan tanderuna, kwandon yana kanka. Na tambaye ka wannan haukan na mene ne.

“Uwar Sukkaya, rage murya,” ka ce. “Kasuwa nake ci. Mai haja ba ya ɓoye kayansa in mai saye yana gari.”

“Wa ya roƙe ka? Da wa ka yi shawara?”

“Da na yi shawara da ke, da yanzu kina bakin fada kina tsine wa mutane, a haɗa ku ku biyu a ƙoƙo ɗaya. Ni na ci shekaruna, hannun ma ya fara rawa. Shi fa? Shi ko gubar aka miƙa masa, hannu biyu zai sa ya karɓa ya ce an gode. Wannan ne ba zan zauna in gani ba.”

Ban hana ka ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na so in hana ba. Wace uwa ce za ta hana? Amma ina jin haushinka har yau, domin ka ɗora mini kayan da ba a saukewa, ka tafi ka bar ni da shi.

Labarin mafarkinka ya kai fada kafin yamma. Masu duba suka ce alloli sun nuna mutuminsu da yatsa. Ga shi baƙo, ga shi ba dangi, ga shi ya furta maganar da dama hukuncinta kisa ne. Watan ya yi husufi kamar yadda suka ce, suka yi maka wanka, suka ɗinke mugayen alamun a bakin rigarka, suka ɗora ka a kan kujerar da ka yi shekaru kana yi wa ado. Ita ce mai jerin shanu da 'yan maruƙa a jikinta, wadda ka ce ita ce aikinka na ƙarshe na kirki. Sai da suka yi niyyar kashe ka sannan suka bar ka ka zauna a kan abin da hannunka ya yi.

An ce sarkin aro yana iya ba da umarni a bi. Waɗanda suka gabace ka, wasu sun nemi giya, wasu mata, wasu mawaƙa. Kai umarni biyu ka bayar: ba ka cin gurasar kowa sai ta sha'ir ɗin Banitu, kuma a kawo Sukkaya ya goge maka kujera. Ta haka muka shiga fada, ni da ɗana, ina riƙe da gefen rigarsa kamar za a fizge shi. Muka same ka cikin jan alkyabba, sanda a hannu, dogarai a tsaye. Sukkaya bai durƙusa ba. Ya tsaya ya kama ƙugu.

“Baba, sauka. Ba kai ka ce ba a zama a kan aikin mutane ba?”

“Kai, ja can, ɗan nema. Ni ne sarki yanzu.”

“To sarki, gwiwar hannunka tana ɓata mini saniya.”

Ka yi dariya har da tari, ka ɗaga hannun, ya durƙusa yana gogewa. Dogarai suka kau da kai suna murmushi. A nan ka sunkuyo kamar mai duba gurasa, ka yi mini magana a hankali. Ka ce wata ba sau ɗaya yake husufi ba, kuma babban mai duban nan ba ya manta fuska. Ka ce in an gama da kai kada in tsaya zaman makoki, in ɗauki yaron in kai shi Hamat wurin Hazala, can babu mai neman sarkin aro. Na ce ban taɓa fita ƙofar Kalhu ba, ban san kowa ba, in ya ɓace mini a hanya fa, in ta ƙi karɓarmu fa? Ka ce, “Saniya, ci ciyawarki. Waigen ya isa haka.” Ita ce maganarka ta ƙarshe da ni.

Yanzu bari in faɗi abin da ya fi ƙona mini rai. Bayan ka sha ƙoƙon, sun yi maka jana'iza irin ta sarakuna, da turare da masu kuka na haya waɗanda ba su san sunanka ba. Tare da kai suka binne wata tsohuwar baiwa da suka naɗa maka a matsayin sarauniya. Na yi ta tambaya, ba wanda ya iya gaya mini sunanta, ita ba ta da ko mai toya gurasa da za ta rubuta mata layi ɗaya. Sannan suka fito da kujerar da teburin da gadon fili, don a ƙone su masifa ta tafi da hayaƙi. An kira mu ma'aikata mu tsaya shaida. Kafin a sa wuta, sai ga mutanen ma'aji da 'yan wuƙaƙe. Suka durƙusa suna ɓamɓare fallen zinariyar da ka lulluɓe ƙahonin shanun da shi, da na gashin matar taga, da na bakin furanni. Suna kankarewa suna zubawa a tasa, wuƙa tana yage fuskokin da ka yi wata da watanni kana fitarwa. Da suka gama sai aka cinna wa sauran wuta.

Ina so wani mai ilmi ya amsa mini. Masifar da ta shiga haure, ta shiga itace, ta shiga jikin tsoho har sai an kashe shi, ta yaya ta tsallake zinariya? Wace irin masifa ce wannan mai sanin abin da ke da tsada? In alloli ne suka nemi fansa, me ya sa aka ba su tsoho da baiwa da ƙashin giwa, aka ɓoye musu abin da ke ƙyalli? Ni ban san taurari ba. Amma na san mai toya gurasa da ta ba baƙo ƙonanniya ta ɓoye mai kyau a ƙarƙashin zane, ba a kiranta mai kyauta.

Haure ba ya ci da wuta kamar itace. Tsagewa yake yi, yana ƙara, ya yi baƙi, ya yi toka-toka. Sukkaya ya ji ƙarar ya fara ihu yana cewa a fitar da shanun Baba, rana ta yi musu yawa. Mutum uku muka riƙe shi. Manomi kuwa ya yi aski, ya sake tufafi, ya koma kujerarsa, aka buga tambura, aka raba nama a gari saboda sarki ya tsira.

Ubru ne shugaban rumfa yanzu. Shi ke ba baƙi labarin tsohon da ya shanya haure a rana da kwando a ka, yana kwaikwayon tafiyarka, ana dariya. Wuƙaƙenka yake aiki da su. Na tsaya a gabansa da gurasa a kai, maganar tana cizon harshena, na haɗiye, domin in na faɗi gaskiya a Kalhu za a tuna dalilin da ya sa ka yi, a tuna wanda aka fara kallo. Sunanka yana ɓaci a gabana kullum, kuma bakina a ɗaure yake da ran ɗana. Wannan ma ka san haka zai zama, ka yarda. Ranka ka bayar, ka haɗa da mutuncinka, shi ne gyara a kan ciniki.

Sukkaya bai gane ba. Kullum da safe yana ware maka gurasarka a kan dutsen da kake zama, yana zuba maka ruwa a ƙasa kamar yadda na nuna masa, yana kiran sunanka. Sannan ya tambaye ni yaushe Baba zai gama sarautar ya dawo aiki. Na ce masa Baba ya koma garinsu.

Shekaranjiya na ji a bakin mai kawo mana itace cewa masu duba sun fara lissafin wani husufin kafin sanyi ya wuce. Jiya babban mai duba ya biyo ta rumfa, wai ya zo ganin sabuwar kujera. Ya tsaya a kan Sukkaya ya tambaye shi ko yana son dabino.

Hazala, yanzu da ke nake. Ina yi miki ta'aziyyar uban da ba ki tashi a gabansa ba, ke da mijinki da 'ya'yanki da duk dangin Sagibu da suka rage a Hamat. Ki sani bai yi hauka ba ko na rana ɗaya. Ki sani duk macen da ya sassaƙa tana leƙowa ta taga, ya ce mini fuskarki yake ƙoƙarin cankowa, tunda bai san yadda kika girma ba. Hadad, allahn garinku, ya sanyaya miki zuciya. Shamash, allahn rana mai ganin komai, wanda aka sa ubanki ya tsaya a gabansa ya karɓi masifar da ba tasa ba, ya yi masa shari'a da rahama, ya tuna wa ya ba da rai kuma wa ya ɓamɓare zinariya. Sarauniyar ƙasar matattu ta ba shi wuri mai inuwa da ruwa mai sanyi, shi da tsohuwar da aka binne a gefensa ba suna. Ƙasa ta yi musu sauƙi.

Ba ɗan aike zai kawo miki wannan fata ba. Gobe ayarin masu jakuna zai tashi zuwa yamma, ni da ɗana muna cikinsa, na riga na toya guzuri. In kin kai nan a karatu, to ɗaga kanki. Tsohuwar da ke tsaye a ƙofarki ni ce. Ƙaton da ke bayana, mai guntun fata a hannu, zai tambaye ki ko Baba yana ciki, kada ki tsorata. Ubanki bai bar gida ba, bai bar gona ba, aikinsa mafi kyau ya zama toka. Ba ki da ɗan'uwa namiji da zai riƙa zuba masa ruwa yana kiran sunansa, ga shi na kawo miki wanda bai taɓa mantawa ba ko da safiya ɗaya. Wannan ne abin da ubanki ya saya da ransa. Ki buɗe masa ƙofa.